Laser, Hobie 16 ko Lightning: Wanne Ya Dace da Mai Son Jirgin Iska a Legas?

Idan ka bi ta Marina ko ta gadar da ke shiga Victoria Island da yammacin Asabar, da wuya ka rasa ganin ƙananan jiragen ruwa masu dogayen ƙyallaye suna kai-komo a bakin tashar jiragen ruwa, ba inji ba hayaƙi, iska kaɗai ke tura su. Yawancinsu daga Lagos Yacht Club suke tasowa, kulob ɗin da aka kafa tun 1932. Cikin 'yan'uwanmu da aiki ko kasuwanci ya zaunar a Ikko akwai waɗanda suka fara leƙa wannan harka, kuma da zarar mutum ya ɗanɗana sai maganar saye ta taso. Sunaye uku za ka yi ta ji: Laser, Hobie 16 da Lightning. Duka ukun jiragen tsere ne, duka ukun ana yawon shan iska da su, kuma kowannensu ya haura shekara hamsin ana ƙera shi. Iyakar kamarsu ke nan.

Kafin a zo ga kuɗi ko gudu, akwai tambayar da ita ce ke yanke rabin hukuncin: mutum nawa kake da tabbacin za su zo bakin ruwa tare da kai kowane mako? Tabbaci nake nufi, ban da alkawarin fatar baki na daren Juma'a. Laser na mutum ɗaya ne, Hobie 16 na mutum biyu, Lightning na mutum uku. A garin da cunkoson motoci zai iya riƙe abokin tafiyarka a Ikorodu Road har a busa usur ɗin fara tsere, wannan lissafi ya fi duk abin da ke cikin takardar talla nauyi. Jirage da yawa da ke kwance a farfajiyar kulob-kulob sun yi ƙura, lafiyarsu lau, abokan tafiya ne suka watse.

Mu fara da ƙaramin. Wani ɗan Kanada mai suna Bruce Kirby ne ya zana Laser, aka fito da shi kasuwa a 1971, kuma zuwa yau an ƙera sama da 200,000. Tsawonsa mita 4.23, gangar jikinsa ba ta kai kilo 60 ba, ƙyallensa ɗaya tal. Sandar ƙyallen gida biyu ce, a haɗa su, a zura ƙyallen kamar hannun riga, a dasa ta cikin wani rami a saman jirgin, babu wayoyin da ke riƙe ta. Wanda ya saba, kafin shayi ya huce ya gama haɗawa ya ja jirginsa a kan kura zuwa ruwa, ba tare da ya roƙi kowa ya kama masa ba. Tun 1996 ake gasar Olamfik da shi, kuma a 'yan shekarun nan sunansa na gasa ya koma ILCA, don haka idan ka ga wannan suna a talla kada ka rikice, jirgi ɗaya ne.

Abin da ya sa Laser ya yi albarka shi ne ganga ɗaya tana ɗaukar ƙyalle iri uku. Babban yana da faɗin murabba'in mita 7.06, kuma ya fi dacewa da mai nauyin kilo 80 ko kusa da haka. Na tsakiya 5.76 ne, shi mata suke tsere da shi a Olamfik tun 2008, kuma shi ya dace da namiji mara jiki sosai. Ƙaramin 4.7 na matasa ne. Ƙyallen da gindin sanda kawai ake canjawa. Wato uba da ɗansa ɗan sakandare za su iya raba jirgi ɗaya, wannan da safe, wancan da yamma.

Sai dai Laser ba ya ɓoye maka laifinka. Babu nauyin da ke daidaita shi sai jikinka: ka saƙala ƙafafu a ƙarƙashin wata maɗauri, ka fitar da gadon bayanka waje a kan ruwa, cinyoyi da ciki su ɗauki wahalar. Idan iska ta biyo ka ta baya da ƙarfi sai ya fara rawa, dama, hagu, dama, kafin ka ankara kana cikin ruwa ƙyallen yana kanka. Kifewa a Laser abin yau da kullum ne, har ga gwanaye. Daɗin abin, tayar da shi ba wuya: ka zagaya, ka kama allon da ke leƙowa ta ƙarƙashin jirgin, wanda aikinsa hana jirgi zamewa gefe, ka ɗora nauyinka, sai ya miƙe, ruwan da ya shiga kuma ɗan kaɗan ne. Wanda bai iya iyo ba, ko yake jin tsoron ruwa ya rufe kansa, ya fara zuwa wurin koyon iyo tukuna. Wannan magana ta shafi da yawa daga cikinmu da muka tashi nesa da kogi, kuma ba abin kunya ba ce. Rigar kariya daga nutsewa wajibi ce a duka jiragen uku, amma ba ta maye gurbin iya iyo.

Hobie 16 wata duniya ce daban. Hobie Alter, mai ƙera allunan hawan igiyar ruwa a Kalifoniya, shi ya fito da shi a farkon shekarun 1970, kuma tunaninsa na mutumin bakin teku ne: jirgin da za a turo daga kan yashi, a keta igiyar ruwa, a dawo a hau yashin da shi. Ganga biyu ce siririya masu lanƙwasa, an haɗa su da firam ɗin alminiyom, an shimfiɗa tamfol a tsakani, a kansa ake zama. Tsawonsa ya ɗan haura mita 5, faɗinsa mita 2.4, nauyinsa wajen kilo 145, amma ƙyallayensa biyu sun kai murabba'in mita 20. Ka kwatanta da bakwai na Laser, ka ga inda gudun yake fitowa. Ba shi da allon ƙarƙashi, siffar gangar ce ke hana shi zamewa gefe, sitiyarinsa biyu kuma, wato allunan baya da ake juya jirgi da su, suna ɗagewa da kansu idan suka taɓa ƙasa. Don zuwa Tarkwa Bay a sauka a kan yashi, babu kamarsa cikin ukun.

Wanda bai taɓa hawa ba zai yi wuya ya gane abin da ke sa mutane haukar wannan jirgi. Iska na kaɗawa daga gefe, sai ganga ɗaya ta rabu da ruwa ta tashi sama, ƙarar ruwa ta ragu, ku biyun kun maƙala ƙugiyar ɗamararku a wayar da ta sauko daga saman sanda, tafin ƙafa a gefen firam, duk jikinku a miƙe a kan ruwa. Mai riƙe da igiyar babban ƙyalle yana saki yana ja da 'yan yatsu, idonsa a kan hancin gangar da ke cikin ruwa. Dalilin kallon hancin shi ne sanannen halin Hobie 16: hancinsa siriri ne, idan ya nutse cikin igiyar ruwa ana tsakiyar gudu, jirgin yakan tsaya cak ya tuntsura ta gaba, na kan waya kuma ya yi lilo ya wuce gaban jirgin. Maganinsa a koma baya da nauyi, a kuma saki ƙyalle da wuri. Ana koyo, amma da jiki ake biyan kuɗin makaranta.

Akwai abubuwa biyu da mai sayarwa ba zai yi saurin faɗa maka ba. Na farko, tayar da Hobie bayan ya kife aikin nauyi ne. Ana jefa igiya ta kan gangar da ke sama, a tsaya a kan ta ƙasa, a jingina baya. Mutum ɗaya mara nauyi zai iya rataye a wurin har ya gaji jirgin bai motsa ba, kuma idan ruwa ya shiga sandar, jirgin zai juye gaba ɗaya sandar ta kalli ƙasa, a ruwa mara zurfi ta cake cikin laka. Dokar gasarsa ma ta sa mafi ƙarancin nauyin mutum biyun ya zama wajen kilo 129. Na biyu, juya shi ta fuskar iska sai da dabara. Laser yana juyawa nan take, shi kuwa Hobie idan ba ka bar ƙaramin ƙyallen gaba ya ture hancin ba, sai ya tsaya yana kallon iska, ya ma fara ja da baya. A fili wannan abin dariya ne. A gaban jirgin dakon kaya kuwa babu dariya.

Ga kuma wani gargaɗi da ya fi shafar ƙasarmu. Sandar Hobie ta kai mita 8, ta alminiyom ce, kuma an sha rasa rayuka a ƙasashen waje saboda ta taɓa wayar lantarki ana tura jirgi a tudu, har kamfanin ya koma yin ƙarshen sandar da abin da ba ya ɗaukar wuta a wasu kasuwanni. Kowa ya san yadda wayoyi suke reto a unguwanninmu. A ɗaga kai a duba sama kafin a tayar da sanda, ko ta wane jirgi ce.

Lightning shi ne dattijon cikinsu. Olin Stephens, wanda ya zana jirage da dama da suka ci Kofin Amurka, shahararriyar gasar tseren jiragen ƙyalle, shi ya zana shi a 1938, aka fara ƙera shi a Skaneateles ta jihar New York, da katako a lokacin, daga baya aka koma faiba. Tsawonsa mita 5.8, faɗinsa kusan mita 2, nauyinsa ba ya gaza kilo 318, allon ƙarƙashinsa na ƙarfe ne mai nauyin kusan kilo 59, ana ɗaga shi ana sauke shi da igiya. Cikinsa ake zama, a kan benci, gwiwa a lanƙwashe kamar mutum mai mutunci. Ƙyallensa uku: babba, na gaba, da wani mai kumbura da ake bazawa idan iska ta biyo baya, wanda shi kaɗai ya kai murabba'in mita 28.

Wannan ƙyalle na uku shi ne daɗin Lightning, shi ne kuma dalilin mutum uku. Ɗaya na tuƙi, na tsakiya na sarrafa mai kumburar, na gaba na fama da sandarsa da ƙaramin ƙyalle yana kuma lura da abokan hamayya. Tseren Lightning na tunani ne da haɗin kai fiye da ƙarfin cinya, shi ya sa za ka ga mai furfura yana kayar da samari. Idan kuma ba ranar tsere ba ce, a bar mai kumburar a jaka, a ɗauki uwargida da yara biyu da kular abinci. Cikin ukun, shi kaɗai zan iya cewa mace za ta hau cikin suturarta ta zauna hankali kwance, ba tare da an ce ta rataya a waya ko ta yi wanka da ruwan tasha ba, muddin an ɗaure duk abin da ke reto, don igiyoyi da ƙananan tayoyinsu ba sa jituwa da mayafi ko babbar riga.

Farashin wannan kwanciyar hankali nauyi ne. Mutum ɗaya ba ya saka Lightning a ruwa. Sai da na'urar ɗagawa ko kura mai ƙarfi da gangara mai kyau, wato kusan dole ka ajiye shi a kulob, ka biya kuɗin zama mamba da kuɗin wurin ajiya kowace shekara. Ba ya saurin kifewa, amma ranar da ya kife, musamman tsohon ƙira da ba shi da isassun ɗakunan iska masu hana shi nutsewa a ciki, yakan cika da ruwa ya zama sai jirgin ceto ya jawo shi. Mallakarsa kamar kiwon doki ce: kuɗin saye shi ne ƙaramin abin da za ka kashe.

Yanzu a ɗora su ukun a kan ruwan Legas ɗin kansa, don jirgi ba ya tafiya a takarda. Ruwan tasha yana shiga yana fita da cikar teku da janyewarta ta mashigin Commodore Channel, kuma yana da ƙarfin da idan iska ta yi sanyi za ka ga ƙyallenka a cike amma gini ɗaya kake kallo bai gusa ba. A irin wannan rana Lightning da Laser sun fi Hobie, saboda allon ƙarƙashinsu yana ba su damar matsawa kusa da inda iska take fitowa, shi kuwa Hobie sai ya yi dogon zagaye. Idan iskar teku ta kudu maso yamma ta taso sosai da rana, sai labari ya juya, Hobie ya bar su a baya kamar suna tsaye. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar Legas takan yi rauni ta riƙa sauya fuska, ga hazo. Farkon damina da ƙarshenta kuma hadari kan taso daga gabas da guguwa a gabansa, cikin 'yan mintoci. Mai Laser zai iya kifar da jirginsa da gangan ya riƙe shi har ta wuce. Mai Lightning da ya bar ƙyalle uku a sama yana kallon baƙin gajimare, shi ya jawo wa kansa.

Sai manyan jiragen da ke shiga Apapa da Tin Can. Sababbin shiga sukan ji an ce doka ta ce mai inji ya kauce wa mai ƙyalle, su riƙe wannan. Ƙa'idojin kauce wa karo na duniya sun faɗi haka a sarari, amma su ɗin dai sun ce a ƙunƙuntar mashigi kada jirgin ƙyalle ya tare hanyar jirgin da ba ya iya fita daga mashigin. Jirgin kwantena ba shi da birki. Ƙara da jiragen fasinja masu gudu da ke tayar da ruwa, da ledoji, da kainuwar da ta mamaye ruwayen Legas tun shekarun 1980. Leda ɗaya a allon Laser ta isa ta mayar da kai na ƙarshe a tsere. A nan Hobie ya ɗan huta, tunda ba shi da allo, sai dai sitiyari.

Maganar kuɗi gajeriya ce, mai ɗaci. Babu ɗayansu da ake ƙerawa a Najeriya, ƙyalle da igiya da ƙananan ƙarafa duk da dala ake sayen su, a biya kuɗin jirgi da na kwastan. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kowane ƙaramin ƙarfe ya bi ta. Saboda haka ka ƙirga abin da ke lalacewa. Laser ƙyalle ɗaya, igiyoyi kaɗan, kayansa kuma suna shiga akwatin matafiyi. Hobie ƙyalle biyu, tamfol ɗin da rana ke ci, wayoyin da gishiri ke ci, sitiyari biyu masu 'yan ƙananan sassa. Lightning ƙyalle uku, wayoyi, allon ƙarfe da ke son kulawa, da rumfar rufewa. Ruwan gishiri da ranar Legas ba sa raga wa kowa, wanda bai wanke jirginsa da ruwan famfo ya rufe shi bayan kowace fita ba, zai sayi komai sau biyu.

Kusan kowa na hannu yake saya, galibi daga ma'aikatan kamfanoni 'yan ƙasashen waje da wa'adinsu ya ƙare suna neman wanda zai karɓa. Kowanne jirgi da inda ciwonsa yake ɓoye. A Laser, ka cika ramin sanda da ruwa ka jira. Idan ruwan ya ragu, ramin ya tsage, kuma ranar da ya fashe da iska sandar za ta yage saman jirgin. Ka danna saman da tafin hannu inda ake zama, idan yana lotsawa faibar ta saki. A Hobie, ka danna saman kowace ganga a gaban ginshiƙin gaba da ke ɗauke da firam ɗin, nan yake yin laushi, sannan ka leƙa ƙasan gangar ka ga yadda yashi ya cinye ta. A Lightning, ka duba akwatin da allon ƙarfe yake shiga, ka nemi a auna maka nauyin jirgin, don wanda ya sha ruwa a jikinsa ya yi nauyi har abada, ba kuma zai sake cin tsere ba.

Ra'ayina, ga wanda yake farawa kuma shi kaɗai ne a gidansa mai wannan sha'awa, Laser. Shi ya fi arha, shi ya fi koyarwa, shi ya fi sauƙin sayarwa, kuma ba ya jiran kowa. Hobie 16 na mutum biyu ne masu lafiyar jiki da suka riga suka san juna a kan ruwa, waɗanda gudu ne ya kawo su, kuma ban ba da shawarar ya zama jirgin farko ga wanda ba shi da gwani a gefensa ba. Lightning na mai iyali ne, ko abokai uku da za su haɗa kuɗi. In haɗakar za a yi, a rubuta a takarda da shaidu: wa ke biyan ajiya, wa ke biyan abin da ya karye a hannunsa, yaya za a yi idan an yi wa ɗaya canjin wurin aiki zuwa Fatakwal. Abu ɗaya ne zai sa in sauya duk wannan jeri, shi ne irin jirgin da ya fi yawa a layin fara tsere a inda za ka riƙa fita. Inda jirage goma iri ɗaya suke, nan ake samun aron kayan gyara, da mai nuna maka kuskurenka, da mai saye ranar da ka tashi sayarwa. A kulob ɗin Legas, Hobie 16 da Lightning sun daɗe da kafa jama'arsu, kuma masu su kullum cikin neman abokin tafiya suke. Ka ba da kanka kaka guda kana ja musu igiya kyauta kafin ka fitar da ko sisi.

Wanda kuma yake tunanin wata rana zai koma gida da jirginsa, ya sa shi a Tiga ko Challawa ko tafkin Jabi na Abuja, lissafinsa ya ɗan bambanta. Laser yana hawa kan rufin mota, mutum biyu su ɗora shi. Hobie sai an ja shi a baya ko a kwance shi gunduwa-gunduwa. Lightning yana son gangara da mota mai ƙarfi. Iskar hunturu a Arewa ta fi ta Legas ƙarfi nesa ba kusa ba, ruwan kuma da sanyi da safe. Madatsun ruwa suna da kututturan itatuwa a ƙarƙashi da ragar masunta a sama, kuma babu jirgin ceto da ke zagayawa kamar ranar tsere a kulob, don haka sai an yi magana da sarkin ruwa na wurin, an kuma tanadi mai kwalekwalen inji da zai sa ido. Ga tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan daɗi mai dodon koɗi, kuma tana nan a madatsun ruwa da dama na Arewa. Laser da Hobie jiƙa mutum suke yi ko ba su kife ba. A irin wannan ruwa Lightning, da ya sha kaye a wajen nauyi da kuɗi, shi ne wanda zai fi barin ka a bushe, kuma duk wanda ya faɗa ciki ya je asibiti a gwada shi bayan 'yan makonni, ko da bai ga jini a fitsari ba.